Tsanin Gidan Hajiya Babba

Har gobe ba zan manta da Alhamis ɗin da na tsaya a tsakar gidan Hajiya Babba, waya a hannu, na gane kusan wata uku na yi ina auna abin da ba shi aka aike ni in auna ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun tarar an gyara abubuwa da yawa. Ina so ku ji yadda aka yi aka gyara ɗaya daga ciki, domin ni na yi ɓarnar, kuma ba ni na yi gyaran ba.

Lokacin ina malamar aji a shirinmu na koyar da matan aure ta waya. An fara shi ne shekarar da annoba ta sa aka rufe makarantu, da aka buɗe kuma matan suka roƙa a bar musu shi haka, tunda ba sai sun fita ba. Tsarin ba shi da wuya. Kowace ɗaliba ana ba ta aron waya da data. Litinin zuwa Laraba malama tana tura darasi da murya, ɗalibai su yi aikin gida a littafi su ɗauki hoto su turo. Ranar Alhamis bayan la'asar kuma sai a yi wasa. Sama da malamar aji akwai jami'in tantancewa, wanda yake duba makin kowane aji, namu shi ne Malam Nuhu. Sama da shi akwai shugabar shiri, wadda mu ƙanana sa hannunta kawai muke gani a takarda.

Wasan shi ne jarrabawarmu. Tambaya ashirin ce, kowace da amsa huɗu, a zaɓi ɗaya cikin sakan talatin. Wadda ta ci tana samun maki, wadda ta ci da sauri ta fi samu. Da zarar mace ta danna amsa sai sunanta ya koma kore a wayar kowa. Bayan kowace tambaya kuma sai hoton tsani ya fito, sunaye jere a kansa, mai maki da yawa a sama. Ana yin haka mako goma sha biyu, sannan a ɗauki biyar na sama a kai su cibiyarmu, su yi shekara ana shirya su don jarrabawar kammala sakandare. Ni na fi kowa son wasan nan, kuma a taro na sha tashi in kare shi. Hujjata ita ce aikin gida kowa yana iya yi wa mace, amma sakan talatin ba ya barin a kira miji.

Ajina mata goma sha huɗu ne, duk daga lungu ɗaya a cikin birni, dukansu masu karatun da ya katse. Tara daga ciki 'yan gida ɗaya ne: Hajiya Babba, da ƙanwarta, da matan 'ya'yanta da na 'ya'yan ƙannen mijinta. Sauran biyar maƙwabta ne, kuma duk a gaban Hajiya suka yi karatun addini, don ita take koyar da matan unguwar da safe. Ta haura sittin, firamare kawai ta gama tun tana yarinya, amma ita ta fara kawo sunanta da aka zo rajista. Ranar na tambayi sunanta na yanka don in rubuta, aka rasa wadda za ta faɗa a cikin matan, ita kuma tana ta murmushi. Na gaji na rubuta Hajiya Babba. Da ina da natsuwa da tun ranar na fahimci wani abu, amma ni mutum ce mai gaggawa, mahaifiyata ma cewa take ko shayi ba na bari ya huce.

Rakiya ita ce ƙaramarsu, matar autan Hajiya. 'Yar manoma ce daga wani ƙauye a bayan gari, karatunta ya tsaya a aji huɗu na sakandare. Aikin gidanta kuwa sai wanda ya gani. Lissafi tsaf, rubutu tsaf, in ta turo min tambaya sai na koma littafi kafin in amsa. Amma duk Alhamis tana can ƙasan tsani, in ba ta goma sha uku ba, ta goma sha huɗu. Hajiya Babba ce take yin ta ɗaya kowane mako, da amsa tara ko goma a cikin ashirin, sauran kuma ƙasa da haka. A takardar Malam Nuhu ajina ne mafi rauni a shirin gaba ɗaya.

A mako na goma ya kira ni ofis, ya juyo min kwamfutarsa.

"Malama Hadiza, wannan Rakiyar taki, wa yake yi mata aikin gida?"

Na ce ita take yi.

"Mijinta me yake yi?"

"Malamin firamare ne."

Ya buɗe hannuwa. "To kin gani. Ke da bakinki kika ce wasa ba ya ƙarya. Saura Alhamis biyu in tura sunaye, kuma manhajar wasan ba ta karanta aikin gida."

Na fito raina a ɓace, don da maganata ya ɗaure ni. Tun ban kai bakin titi ba na kira Rakiya. Na tambaye ta ko wayarta ce take ba ta matsala, ta ce lafiya lau. Ko yara ne suke damunta lokacin wasa, ta ce a'a. Na ce to me ya sa kike faɗuwa? Ta ce, "Haka Allah ya yi, Malama." Amsar nan ta ƙona min rai, sai na jefa mata abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "Gaya min gaskiya, maigidanki ne yake yi miki aiki?" Sai ta ce, "A'a, Malama," da wata murya da na san hawaye ne a bayanta.

Kwana biyu abin yana cina. In na ɗauki littafi sai in ajiye, in na ɗora tukunya sai in manta da ita. Na buɗe makin makonni goma na duba daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama, ban ga komai ba sai lambobi. Daga ƙarshe na yanke shawarar wasan mako na sha ɗaya ba daga ɗakina na Tudun Jukun zan kunna shi ba. Zan je in ga Rakiya da idona tana faɗuwa.

Damina ce, an yi ruwa da azahar. Mai napep ya sauke ni a Ƙofar Galadima ya ce ba zai shiga lungu ba saboda taɓo, na ƙarasa da ƙafa ina tattare zani ina duba agogo. Na yi sallama a zaure na shiga, sai na tarar da abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Mu a ofis muna zaton kowace ɗaliba tana ɗakinta ita kaɗai da wayarta. Ashe katangun ƙasar gidan ba sa barin sabis ya shiga ɗaki, wuri ɗaya ne yake kamawa sosai, gefen rijiya a tsakar gida. Saboda haka duk Alhamis su goma sha huɗun nan, har da maƙwabtan, a nan suke haɗuwa. Hajiya tana kan darduma a ƙarƙashin rumfa, tabarau a hanci. Ƙanwarta tana gefenta. Sai Asabe, matar babban ɗanta, sai masu bi mata, tabarma bayan tabarma. Rakiya tana can ƙarshe a kan 'yar kujera, bakin ƙofar madafa.

Aka yi min maraba, aka kawo fura, Hajiya ta ce in zauna kusa da ita. Na ce a bar ni in tsaya ta baya saboda sabis, na je na tsaya inda nake hango wayar Rakiya, na kunna wasa.

Tambayar farko ita ce wace gaɓa ce take tace jini a jikin mutum. Kafin in gama karantawa na ga leɓen Rakiya ya ce ƙoda. Yatsanta ya je kan amsar ya tsaya, bai taɓa ba. Sakan biyar, sakan goma. Na duba tawa wayar, babu suna ko ɗaya da ya yi kore. Tsakar gidan tsit, sai ɗigar ruwa daga indararo. Can Hajiya tana bin layi da yatsa, tana karantawa a hankali. Wajen sakan ashirin ta danna. Sai na ƙanwarta ya yi kore, sai na Asabe, sai na gaba, yana tafiya tabarma bayan tabarma, Rakiya ta danna saura sakan ɗaya.

A tambaya ta shida Hajiya ta kuskure, tsani ya fito da sunan Asabe a sama. Na ji ta ce "Wayyo" ƙasa-ƙasa, kamar wadda ta taka ƙafar baƙo. Tambaya ta bakwai ko ɗan aji uku zai ci, Asabe ta faɗi, tsani ya koma yadda yake. Rakiya kuma ina kallonta: ta ga sunanta ya hau zuwa na tara, sai ta faɗi uku a jere, kowace sai ta motsa baki da amsar gaskiya sannan ta danna ta kusa da ita.

Da aka gama na dubi tsanin, na ɗaga kai na dubi tabarmin. Yadda suke zaune, haka sunayen suke jere. Mako goma sha ɗaya ina tura wa ofis jerin girma na gidan Hajiya Babba, ina cewa sakamakon jarrabawa ne.

Na bi Rakiya madafa, na same ta tana hura wuta. Na fara da ba ta haƙuri kan maganar da na yi mata a waya, sannan na ce na ga abin da take yi.

Ta sunkuyar da kai. "Malama, ta yaya sunana zai hau kan na Hajiya, kowa yana kallo? Ita fa ta ce a sa ni a karatun nan. Kuma ga yayyena. Ko tuwo ba na sa hannu sai sun sa."

"Wani ne ya ce ku riƙa jira?"

"Ba wanda ya ce. Ai ba sai an ce ba."

"Kin san biyar za a ɗauka?"

"Na sani."

"Kina so?"

Ta daɗe tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Sannan ta ce tana so kamar me. Ta ce a ƙauyensu in haihuwa ta zo da gardama sai an nemo mota an kawo mace gari, ita kuma tun tana yarinya take son ta zama mai karɓar haihuwa ta asibiti. Ta share ido da bakin ɗankwali ta ce, "Amma ba ta kan Hajiya ba."

Washegari Juma'a tun kafin a buɗe ofis ina bakin ƙofa. Malam Nuhu ya saurare ni, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya jera makin da shekarun matan a kwamfuta, dariyar ta ɗauke. Ya ce zai rubuta wa shugaba ya roƙa a yi watsi da makonni goma sha ɗaya na ajina, a ɗauki wasan ƙarshe shi kaɗai, da sharaɗin ya tabbatar da idonsa cewa wasan gaskiya aka yi. In aka sake jerin girma, to tsohon maki zai tura, ba ruwansa.

"Shawara ɗaya zan ba ki," in ji shi. "Ki je ki sami tsohuwar nan ki yi mata bayani."

Na ce to, amma a raina na ce ba da ni ba. Ta yaya zan zauna gaban mace sa'ar uwata in ce mata ɗayan da take yi kyauta ake ba ta? Na fi son gyaran da za a yi da yatsa. Na yi tunanin in ɓoye sunaye, na ga ba amfani tunda tare suke zaune suna ganin hannun juna. Sai wata dabara ta zo min, wadda a lokacin na ga babu kamarta. Zan shirya wasan gwaji ranar Litinin, in cire Hajiya daga ciki a ɓoye, in an tambaya in ce sabis ne. In babu wadda za a jira, ai dole kowa ta danna. In ya yi kyau, ranar Alhamis in maimaita.

Litinin bayan la'asar na zauna a ɗakina na cire sunanta, na kunna. Tambaya ta ɗaya ta wuce, babu kore. Ta biyu ta wuce. Ta biyar. Na tashi na zaga ɗaki, na fita tsakar gida na ɗaga waya sama ko tawa ce ta ƙi, na dawo. A ta takwas na kira Asabe.

"Malama, ki yi haƙuri, wayar Hajiya ce ta ƙi shiga, muna dubawa. Ga Rakiya can ta hau turmi tana nema mata sabis."

Tambaya ashirin suka wuce ba wadda ta taɓa ko ɗaya.

Abin da ban sani ba, don ban taɓa gwadawa ba, shi ne in aka cire mutum manhajar tana rubuta masa. Bayan an kashe wayar an kunna, rubutu ya fito cewa malama ta cire ki daga wannan wasa. Kuma Hajiya da kanta ta karanta, a hankali, da yatsa, a gaban surukanta.

Talata da hantsi sai ga Asabe a gidana, ita da ba ta cika fita ba. Ta ƙi zama. Ta miƙo min ƙunshi a cikin ɗankwali, na buɗe na ga waya da cajarta, an goge ta tas.

"Hajiya ta ce a gode miki. Ta ce in tsufa ne ya sa, ba komai, a ba mai ƙuruciya." Ta juya za ta tafi. "Mu ma namu muna haɗawa, gobe za a kawo."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na je neman wa Rakiya gurbi ɗaya, ga shi na rushe ajin gaba ɗaya, saura kwana biyu. Ranar ban iya cin abinci ba. Na rubuta wa Hajiya saƙo na goge, don wayar ma tana hannuna. Na ɗauki mayafi zan fita na ajiye. Sau uku ina ɗaga waya in kira Malam Nuhu ina fasawa, saboda na san abin da zai ce, kuma ya riga ya faɗa tun Juma'a.

Laraba na je, na bari Hajiya ta sallami masu karatun safe sannan na shiga. Na durƙusa a bakin dardumarta na gaishe ta, ta amsa ba yabo ba fallasa. Na ajiye ƙunshin a gabanta na ce ni na cire ta, da gangan, kuma ba tsufa ba ne. Sannan na faɗa mata komai: koren da yake bin tabarmi, wayyon Asabe, leɓen Rakiya, da gurbi biyar da za a rufe gobe.

Ta ajiye carbinta.

"Wato duk hawan nan da nake yi," ta ce, "ɗaga ni ake yi?"

Na sunkuyar da kai.

"Ni da nake kiran ɗana na Kaduna duk Alhamis in ce masa na sake yin ta ɗaya. Shi ma yana ta barka, barka." Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. Sannan ta cire tabarau ta dube ni. "Su dai kunya ta sa su, ni na koya musu ita, ba zan ga laifinsu ba. Ke da kika gane, me ya hana ki zo ki faɗa min? Sai kika bi ta baya kika rufe min ƙofa."

"Tsoro ne, Hajiya."

"Gaggawa dai, 'yar nan. Tun ranar da kika shigo gidan nan na ga ko zama ba kya iya yi." Ta jawo ƙunshin ta kwance. "Yarinyar, da gaske tana da kai?"

Na ce a shekarun da na yi ina koyarwa ban ga kamarta ba.

"To mayar da sunana. Gobe ki zo da shi mai duba makin naku, a yi masa shimfiɗa a zaure."

Na tambaye ta ko in raba musu wurin zama, ko in roƙa a cire tsanin. Ta ce in bar komai yadda yake, in dai zo a kan lokaci. Na fito ban san me ta shirya ba, kuma ban ji hankalina ya kwanta ba ko kaɗan.

Alhamis Malam Nuhu ya zauna a zaure da kwamfutarsa a cinya, ni na shiga ciki. Zaman yana nan yadda na san shi, darduma, tabarmi, Rakiya a bakin madafa. Na ce a raina yau ma jerin girma za mu tura. Ina shirin kunnawa Hajiya ta ɗaga hannu.

"Ku saurara. An gaya min abin da kuke yi, Allah ya yi muku albarka, amma ya isa. Yau ni ce ta ƙarshe. Ba zan taɓa wayar nan ba sai na ga sunan kowacenku ya yi kore. Wadda ta daɗe, ni ta shanya. Wadda ta san amsa ta danna wata, ni ta yi wa ƙarya." Ta ajiye wayar a kan darduma, ta harɗe hannuwa. "Malama, bismillah."

Na kunna. Sakan biyar ba wadda ta motsa, suna ta satar kallon juna. Sakan goma. Hajiya ba ta ko dubi tambayar ba, ta juya wajen madafa.

"Rakiya, ina jira."

Yarinyar ta danna. Kore ya fito daga ƙasan jeri a karon farko. Sai na kusa da ita, sai na gaba, amma ƙanwar Hajiya ta yi nauyin hannu, lokaci ya ƙare kafin Hajiya ta kai ga tata wayar.

"Kun gani ko? Kun sa na rasa ɗaya," in ji ta. "A haka za ku bar ni?"

Daga nan fa sai wuri ya rikice. Tambaya tana fitowa yatsu suna sauka, kowa tana tsoron a ce ita ta shanya Hajiya. Asabe har da cewa wata, "Ke, yi sauri mana!" Rakiya ba ta ƙara ɗaga kai ba, sakan uku, sakan huɗu ta danna, ko tsanin ba ta kallo. Ni kuwa ina zarya tsakanin rijiya da rumfa, har Hajiya ta ce in zauna ina sa mata jiri. Ita kuma sai kowa ta gama take ɗaukar waya, ta bi layi da yatsa, wani lokaci ta samu, wani lokaci lokaci ya riga ta.

Tsanin ƙarshe ya fito. Rakiya a sama, ta ci goma sha tara. Wata maƙwabciya da ban taɓa lura da ita ba ta biyu, Asabe ta huɗu. Hajiya Babba a can ƙasa, ta goma sha huɗu. Rakiya ta ga sunanta, ta ga na Hajiya, ta rufe fuska da mayafi ta ruga madafa. Wayata ta yi ƙara, saƙo daga zaure: "Na gani. Zan tura."

Ba wadda ta yi guɗa, kowa tana duban darduma. Hajiya ta yafito ni.

"Nawa na ci?"

"Takwas, Hajiya."

"A cikin ashirin."

"E."

"Ba wadda ta ɗaga ni?"

"Babu."

"To rubuta min shi a takarda." Na yago shafi na rubuta, ta ninke ta sa a gidan tabarau. Sannan ta ɗaga murya: "A ce wa mai goma sha taran nan ta fito, ba a kanta aka fara cin jarrabawa ba. Kuma yau Asabe ce da tuwo."

Bayan rahoton Malam Nuhu ne aka cire koren nan, aka daina nuna tsani ga kowa, kowace ɗaliba makinta kaɗai take gani, yadda kuka tarar. Amma kada ku ɗauka gyaran manhaja ya ƙare magana. Wanda ya ƙera wasan nan ya ɗauka duk wanda ya san amsa zai yi sauri, kuma duk wanda aka nuna wa tsani zai so hawa. Matanmu ba haka suke ba, kuma lambar da take iso mu ofis ba ta zuwa da labarin tabarmar da aka zauna aka danna ta. Shi ya sa ba na karɓar sabon aji sai na je gidan na zauna, na ga wa take fara sa hannu a kwano. In kuma na ga matsala, babbar gidan nake fara samu, don abin da na kwana shida ina kewaya, ita cikin numfashi uku ta gama shi, kuma ba ta karya ko ɗaya daga cikin ladabin gidanta ba.

Rakiya ta ci jarrabawarta, yanzu tana makarantar koyon aikin lafiya. Hajiya kuwa ta sake zagayen ajin. Da na je gaishe ta da sallar da ta wuce, ta sa ni na zauna, ta jira har na shanye furar da aka kawo min, sannan ta buɗe gidan tabarau ta miƙo min takardar nan, ta yi laushi don ninki. An ja layi a kan takwas ɗina. A ƙasa, da rubutunta mai rawa, ta sa goma sha ɗaya.

"Wannan ma nawa ne," ta ce. "Na tambaya, ba wadda ta ɗaga ni."